An Ce Muryata Ce Ta Kayar da Safiya

Yau babu doguwar gaisuwa, ku yafe ni. Takaici ne zalla ya sa ni wannan rubutun, ba tsoro ba. Ranar Talatar da ta wuce wasu mata biyu suka zauna a falon Ummata, suka sha zoɓonmu, suka ci alkakinmu, sannan suka yanke hukuncin cewa ina da aljanu. Ina durƙushe a gabansu aka yi, ko arzikin kallo ban samu ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Bahijja Mustafa. Shekarata ashirin da biyar, a unguwar Shahuci aka haife ni, a gidan da kakanninmu suka gina tun zuwansu daga Borno. Babana ya rasu ina sakandare, yayansa Baffa Bukar ne ke riƙe da gidan. Da safe ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare. Abin da mutane ba su sani ba kafin satin nan shi ne ni ce Jikar Kaka. E, ni ce. Muryar nan da ke zo muku duk ranar Alhamis da labarin ban tsoro, wadda ake ta turawa daga guruf zuwa guruf, a ɗakin ajiyar gidanmu nake naɗar ta. A kan buhun gero nake zama, in lulluɓa da tsohon bargo don kada kukan awakin maƙwabta ya shiga. Ƙarar ƙofar nan da ke sa tsikar jikinku tashi, murfin tsohuwar adakar Kaka ne da ya yi tsatsa.

A wurin Kaka Falmata na koya, mahaifiyar Babana. Tun muna ƙanana ita ce ke tara mu, ta rage murya, ta yi shiru a daidai inda zuciya ke son ta ci gaba. Ni kawai na ɗauko salonta na zuba a waya.

Shi kuma Mikail, saurayina, a kasuwar Kurmi na haɗu da shi, wata tara da suka wuce. Ɗan unguwar Jakara ne, yana da rumfar jakunkuna da takalman fata da suka gada. Na tsaya tayin wata jaka mai ruwan ƙasa, ya faɗi kuɗi, na ce, "Allah ya sauwaƙe." Sai na ga ya saki jakar ya zuba min ido.

"Malama, don Allah ki sake faɗa."

"In sake faɗin me?"

"Wallahi ke ce Jikar Kaka. Haka matar nan ta cikin labarinki take faɗa."

Na yi musu, na yi rantsuwar da ba ta kama ni ba, amma dariya ta tona min asiri. Ranar ya yi min alƙawari da bakinsa, hannunsa a ƙirji, cewa ko mahaifiyarsa ba za ta ji daga gare shi ba. Ku riƙe wannan. Daga nan aka fara. Magabatansa sun zo gaisuwa wata biyu da suka wuce, sa rana kawai ake jira.

To ranar Asabar, ƙanwarsa Safiya ta je kamun wata ƙawarta a Dala. Safiya shekararta ashirin, ita ma an kawo kuɗin aurenta, wani Abba ne zai aure ta, kuma dangin Abban suna wurin bikin, yayyensa mata har uku. Ana tsakiyar rabon abinci sai ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, jiki na karkarwa, bakinta na kumfa. Da aka ɗaga mayafinta aka ga iyafis a kunnenta, wayarta kuma tana kan labarina na satin, na matar da ke ƙwanƙwasa murfin rijiya daga ciki. Kafin magariba magana ta zaga: aljanin labari ya shige ta.

Wa ya ce musu ni ce mai labarin? Kun riga kun sani.

Talata da hantsi na dawo daga makaranta don Umma ta kira ni a waya ta ce in nemi izini, muna da baƙi. Na tarar an share gidan kamar ranar salla, an turara falo da turaren Kaka mai kyau, wanda ba a fito da shi sai da dalili. Umma ta sa na cire kayan aiki na saka atamfata shuɗiya da farin mayafi. Hajiya 'Yardada, mahaifiyar Mikail, tana kan doguwar kujera cikin leshi ruwan goro, carbi a hannu. Kusa da ita Gwaggo Nana Hauwa, ƙanwar mahaifinsa, mace mai jiki da yawan murmushi.

Na durƙusa na gaishe su. Hajiya ta amsa wa bango.

"Hajiya Khadijat," ta ce da Umma, "mu ba faɗa ya kawo mu ba. Yarinyarku tana da hankali, kowa ya shaida. Amma abin da ya faru da 'yata a gaban surukanta, ba zan iya kwana da shi ba. Na saurari abin nan da kunnena, minti biyu na kasa. Mutum ba ya sanin yadda mutanen ɓoye ke magana sai in yana tare da su. Ina take samo shi?"

Umma ta ce, "Wallahi Hajiya ni ma sai jiya na ji."

"To kin gani. A gidanki ake yi ba ki sani ba. Wata muryar fa ba tata ba ce, ta tsoho ce. Wata ta jariri."

Na buɗe baki zan ce a yanzu ma zan iya yi musu muryar tsohon, maƙogwaro ne kawai da toshe hanci. Umma ta watso min wani kallo, na haɗiye.

Sharaɗi biyu Hajiya ta kawo. Na farko, in goge komai, in daina. Na biyu, ranar Asabar a kai ni wurin malaminsu a yi min ruƙiyya, a gabanta, a gaban Gwaggo, da kuma yayar Abba guda ɗaya, don su gani da idonsu cewa daga waje abin ya zo wa Safiya. In an yi haka, sai a sa rana.

"Yaron nan ya nace," in ji ta. Ba ta faɗin sunan Mikail, ɗan fari ne. "Ni kuma ba zan shigo da abin da ban san kansa ba cikin zuri'ata."

Yanzu ku ji abin da ya ƙarasa ni. Da aka kira azahar Gwaggo Nana Hauwa ta ce za ta yi alwala, Umma ta ce in kai mata buta. Muna zuwa bakin rariya ta waiga hagu, ta waiga dama, ta kamo gefen mayafina ta matso da bakinta kunnena.

"'Yar nan, tsakani da Allah, matar nan tana fitowa daga rijiyar kuwa? Tun Alhamis ban samu sukuni ba. Mijin ne ya jefa ta ko?"

Na tsaya riƙe da buta kamar an dasa ni.

"Gwaggo, kina saurara?"

"Shhh! Ni da 'yan ɗakina duka. Har na mai saƙar nan da ba ta da inuwa na ji sau uku. Ki faɗa min ƙarshen kawai kafin ki goge."

Kafin ki goge! Ta yi alwalarta tsaf, ta koma falo, ta zauna kusa da Hajiya tana gyaɗa kai ana cewa a kai ni a cire min iska. Wallahi da ba don tarbiyya ba, da butar nan ba a ƙasa zan ajiye ta ba.

Suna fita Umma ta rufe ni da faɗa, tana yi tana kuka.

"Ke wace irin yarinya ce? Duk sana'ar duniya ki rasa wadda za ki yi sai kiran aljanu a ɗakin hatsi? Ki je ki kwanta minti goma a yi miki karatu, Alƙur'ani ne, cizo yake yi? Sa'anninki suna da 'ya'ya bibbiyu. Ni kaɗai na san abin da nake ji a gidan biki."

"Umma, ni ina karanta Alƙur'ani kullum, ba shi nake gudu ba. In na kwanta a tabarmar nan a gaban baƙi, na amsa ke nan. Har in mutu sunana mai aljanu. In na haihu a ce 'ya'yan mai aljanu. In na yi fushi da miji a ce sun motsa."

"To ki zauna, ki auri wayar!"

Na fice na bar mata falon, na nufi ɗakin Kaka a can ƙuryar gida. Na same ta a ƙofar ɗaki tana haɗa turare, kasko a kan gawayi, tana juya itacen da sukari da wani tsohon cokali da ya fi ni shekaru. Ta ji komai, don kunnen Kaka ba ya tsufa sai in an zo maganar shan magani.

"Zauna, fero," ta ce. Haka take kira na, yarinya ke nan da Barbarci. "Miƙo min kwalbar can."

Na miƙa mata, na zauna ina huci.

"Kaka, me ya sa suke so? Su suke roƙo na. In na makara da awa ɗaya saƙo ɗari zan tarar. Su ji tsoron, su ji daɗinsa, sannan su juyo su ce ni ce abar tsoron."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Kin manta ke? Ke kika fi kowa cewa Kaka a yi na Dodo. In na fara sai ki cusa kai a cinyata, ki damƙe zanina har ki kusa tuɓe ni. In na ce to a bari, ki fasa ihu ki ce a ci gaba. Ai ba Dodon kike so ba. So kike ki ji yana zuwa alhali kina riƙe da zanina. Ubanki ma haka ya yi, Bukar ma haka, wannan mai rawanin da kuke tsoro, har fitsari ya taɓa yi min a tabarma."

Duk da halin da nake ciki sai da na murmusa.

"Babba ma yaro ne," ta ci gaba tana juya kaskon. "Tsoron da ke cikin gidansa ba ya iya kallon sa, ba shi da ranar ƙarewa. Sai ya zo wurinki ya ari wanda zai ƙare kafin shayi ya huce."

Kuma gaskiyarta. Ina da saƙonninku a wayata, ban goge ko ɗaya ba. Akwai wadda ta rubuto min cewa wata huɗu tana jinyar mijinta a asibiti, labarina ne kaɗai abin da ke sa ta manta ƙarar na'urar da ke gefen gadonsa. Akwai 'yan gida ɗaya su biyar da ba sa shiri, amma duk Alhamis sai sun haɗu a gado ɗaya sun kunna, a yi ihu tare, a yi dariya tare. Akwai direban babbar mota da ya ce ni nake hana shi gyangyaɗi a hanya. Waɗannan duk aljanu ne suka aiko su?

Ina nan zaune wayata ta yi ƙara. Mikail.

"Bahi, su Hajiya sun zo?"

Na rubuta: "Wa ya faɗa mata ni ce?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa.

"Hankalinta ne ya tashi. Na ce bari in kwantar mata, in nuna mata ba wani abu ba ne, ke ce ma. Ban san haka za ta ɗauka ba wallahi."

"Ka yi min alƙawari."

"Na sani. Ki yi haƙuri. Ki daure ki je ranar Asabar ɗin, a wuce wurin. Don ni."

Ya haɗo da hoton zuciya har uku. Na kifa wayar a kan tabarma. Bayan minti biyar wani saƙon ya shigo: "Kin ci abinci?" Mtsw. Ban amsa ba.

Laraba bayan la'asar ya zo. Da na so in ce a ce ba na nan, amma ina son in ga idonsa. Ban yi kwalliya ba, hijabin sallata na zura, ko turare ban shafa ba, kuma duk wanda ya san 'yar gidan Barebari ya san wannan kaɗai magana ce. Na same shi a soro a tsaye, cikin shadda ruwan toka da hula zanna, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ya ajiye wata leda a kan dakali, takalmi ne da ya ɗinka min da hannunsa. Ban taɓa ba.

"Malam Mikail, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka yarda ina da iska?"

"Haba Bahijja. Ni da na san..."

"E ko a'a."

"A'a."

"To ka je ka faɗa wa Hajiya haka."

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa da ya cire. "Ba za ki gane ba. Abin ya fi haka."

"Fahimtar da ni. Ai ni malamar makaranta ce."

Ya ci gaba da murza hular.

"To bari in sauya tambaya. Kai me ya sa kake sauraro? Tun kafin ka san fuskata ka haddace muryata. Me kake samu?"

Ya ɗago, kamar ya ji daɗin an zo inda zai iya magana. "Ban sani ba. In na rufe rumfa na dawo kaina cike, sai in kunna. Gabana ya yi ta faɗuwa, in ji kamar akwai mutum a bayana. In ya ƙare in duba in ga ɗakina ne, ƙofa a rufe, ba abin da ya same ni. Sai in ji wani sanyi. Kamar na tsallake wani abu."

"Madalla. Wato jarumi ne kai in dai akwai wurin dannawa a tsayar. Yau ga abin tsoro na gaske ya zo, fuskar mahaifiyarka ce kawai, ba rijiya ba, ba gawa ba, ka kasa tsayawa minti ɗaya. Ni ka turo gaba."

"Bahijja, ki rage murya, Baffa yana ciki."

"Ya ji! Ai ya ce jibi ma zai kira ka. Ka ce kana so na saboda muryar nan, yanzu kuma in kwanta a gaban yayar wani Abba ana tofa min ruwa ana cewa fita, don a wanke ƙanwarka. Ni wa zai wanke ni?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya buɗe baki, na rantse akwai maganar da ta zo masa har leɓe, sai ya mayar. Ya ce, "Ki yi min wannan kaɗai, zan biya ki da duk rayuwata."

Na ce, "Ɗauki takalminka." Na shige gida.

Alhamis ban saki labari ba, karo na farko cikin shekara biyu. Ina ofishin malamai lokacin hutun tara, ina duba littattafan yara, saƙonni suna ta shigowa ana tambaya ko lafiya. A cikinsu na ga wata baƙuwar lamba ta turo murya, minti huɗu. Na sa a kunne.

"Anti Bahijja, ni ce Safiya. Da wayar ƙawata nake, Hajiya ta karɓe tawa. Don Allah ki saurara har ƙarshe."

Muryarta a dashe, tana magana da sauri kamar mai tsoron a shigo.

"Ba labarinki ba ne ya kayar da ni. Ko kunna shi ban yi da niyya ba, hannuna ne ya danna lokacin da na ji abin yana zuwa. Anti, farfaɗiya gare ni. Tun ina aji biyar na sakandare. Likita ya ce in dai ina shan magani zan yi rayuwata kamar kowa, kuma shekara ɗaya da rabi ban faɗi ba. Satin bikin ne na yi ta zirga-zirga, ba barci, na tsallake kwana biyu ban sha ba. Hajiya ta hana a faɗa wa kowa, ko su Gwaggo ba su sani ba. Ta ce in dangin Abba suka ji sunan ciwon, an fasa. Aljani ana cire shi a wuce, wannan kuwa cewa za su yi ana gado. Shi ya sa da aka ga wayar sai Hajiya ta kama maganar aljani."

Ta ja numfashi, na ji tana share hanci.

"Yaya Mikail ya sani. Shi yake kai ni asibiti, shi yake sayo min maganin duk wata. Ya yi kuka ranar, wallahi ya yi, amma Hajiya ta ce in ya buɗe baki ba ta yafe ba. Ni ban ce ki rufa min asiri ba, ban ce ki tona ba. Na kasa barci ne kawai. Kuma ina son labaranki, su nake ji a layin asibiti. Ki yafe min."

Na sauke wayar. Wata malama ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce kaina ne.

Jama'a, ban taɓa jin irin wannan fushin ba. Ya sani! Yana tsaye a soron gidanmu yana murza hula, ya san sunan ciwon, ya san sunan maganin, ya san ranar komawa asibiti, ya bar ni ina ta haƙilo ina kare kaina daga aljanin da shi da uwarsa suka san babu. Ba kuskure suka yi ba, zaɓe suka yi. Suka duba suka ga marainiya mai surutu a waya, suka ce wannan za ta iya ɗauka.

Na kai yatsana kan turawa. Guruf ɗin gidanmu, guruf ɗin masu sauraro, lambar Gwaggo Nana Hauwa, duk suna nan. Dannawa ɗaya, kafin azahar na wanku tas.

Sai na tuna wadda ta turo. Yarinyar da ta ari waya, ta ɓuya, ta miƙo min abin da zai iya rusa aurenta, ba don komai ba sai don ta kasa barci. Duk gidansu ita kaɗai ce ba matsoraciya ba. In na tura, na yi mata abin da aka yi min ke nan, har ma ya fi, don nawa ƙarya ne, nata gaskiya.

Ban tura ba. Amma kada ku ce na huce.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa Bukar ya aiko a kira ni soron ciki, inda yake karatu. Baffa ba ya dariya, ba ya maimaita magana. Na shiga na tarar da shi a kan buzunsa, littattafai jibge a gefe, rawaninsa a kan gwiwa. Umma tana rakuɓe a bakin ƙofa. Mikail yana durƙushe a gefe guda, bai iya ɗago kai ba.

Baffa ya ce, "Jiya na sa an kunna min abin naki. Na ji shi har ƙarshe."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Tatsuniyar Inna ce, kakarki, kika sa wa rijiya. Na san ta tun ban yi kaciya ba. Akwai wurin da kika sa matar ta rantse da abin da ba Allah ba, ki gyara shi. Ban da wannan ban ji iska ba, na ji 'yar Mustafa tana toshe hanci." Ya juya ga Umma. "Ba a kai lafiyayye wurin magani don a faranta wa wani. 'Yar gidan nan ba za ta kwanta a gaban kowa ba."

Umma ta fara, "Yaya, auren fa..."

Ya ɗaga hannu, ta yi shiru. Ya dube ni.

"Ke, kina da abin faɗa? Na ga bakinki yana motsi tun da kika shigo."

Wayar tana cikin hijabina, na damƙe ta. Na dubi Mikail. A karon farko ya ɗago, muka haɗa ido, kuma a take ya gane na sani. Na ga jinin fuskarsa ya janye.

"Baffa, ina da shi, amma ba nawa ba ne, ba zan faɗa ba. Shi ya san shi. In ya faɗa da bakinsa, ko a nan ko a gaban Hajiyarsa, ya cire sunana daga abin da ya san ba ni na yi ba, ina nan. In ba zai iya ba, a mayar musu da kayan gaisuwarsu yau, kafin magariba. Ban fasa labarina ba, kuma ban fasa wannan sharaɗin ba."

Umma ta saki salati. Baffa bai ko motsa ba, ya mayar da idonsa kan Mikail.

"To, Malam. Ka ji. Mene ne wannan da ka sani?"

Mikail ya gyara durƙuso. Ya ce, "Baffa, ni... Hajiya ce ta... wato abin..." Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na ƙirga a zuciyata har ashirin, kowace lamba tana cire min wani abu da na ɗauka ba zai ciru ba.

Sai muka ji tsayuwar adaidaita a ƙofar gida, da sallamar mace, siririyar murya mai rawa. Umma ta ɗaga labule.

Safiya ce, ita kaɗai, da hijabi har ƙasa, ko takalmin ƙafarta ba iri ɗaya ba ne. Ta wuce yayanta ba ta dube shi ba, ta durƙusa a gaban Baffa, ta zazzage wata baƙar leda a kan tabarma. Katin asibiti ya faɗo, da fakitin magani guda uku.

"Baba, ka yi haƙuri na shigo ba izini," ta ce. "Daga nan gidan su Abba zan wuce in faɗa musu da bakina. Na ce bari in fara da inda aka ci amana. Anti Bahijja, za ki raka ni?"

Mikail ya ce, "Safiya, Hajiya za ta..."

Na miƙe na gyara hijabina.

"Tashi mu je," na ce da ita. "Ki ce wa mai adaidaitan ya jira."